Koyon Sallah Ga Wanda Ya Shigo Musulunci

Ɗan'uwa da Allah Ya buɗe wa ƙirji har ya furta kalmar shahada, ka sani cewa abu na farko da ya hau kanka bayan wannan kalma shi ne sallah, kuma sallah ba ta jiran sai ka ƙware. Idan da hantsi ka musulunta, to Azahar ta wannan yinin ta wajaba a kanka, ko da ba ka san harafi ɗaya na Larabci ba. Wannan magana takan firgita wasu, sai su ce bari su fara haddace karatun tukuna, daga nan kwana ya koma mako, mako ya koma wata, goshinsu bai taɓa ƙasa ba. Na sha ganin haka, kuma abin yana damuna ƙwarai, domin abin da ke hana mafi yawansu shi ne kunya da tsoron yin kuskure a gaban Ubangiji da gaban jama'a. Shawarar da nake ba ka ita ce ka fara yau da ɗan abin da ka iya, ka ci gaba da koyon saura kana cikin yi, kamar yadda sahabban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka koya. Duk abin da zan faɗa da lafazin namiji ya haɗa da 'yar'uwa mace, sai inda na ware ta da nata hukunci.

Lokacin da Annabi ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya umarce shi da ya fara kiran mutane zuwa ga shahada, idan sun amsa sai ya sanar da su cewa Allah Ya farlanta musu salloli biyar a kowane yini da dare, sannan maganar zakka ta biyo baya. An farlanta waɗannan salloli ne a daren Isra'i da Mi'iraji, tun Annabi yana Makka, kafin hijirarsa zuwa Madina a shekarar 622 miladiyya. Da farko hamsin ne, aka yi ta sassautawa har suka dawo biyar, ladan hamsin ɗin kuma yana nan. Ba a neman ka rama ko ɗaya daga cikin sallolin da suka wuce ka kafin ka musulunta, ko da shekara sittin ka yi a wani addini, domin Annabi ya shaida wa Amru ɗan Asi, ranar da ya zo yin mubaya'a, cewa Musulunci yana rushe abin da ya gabace shi.

Wanka da alwala

Ka fara da wanka. An ruwaito cewa Annabi ya umarci Ƙaisu ɗan Asim da ya yi wanka lokacin da ya musulunta, kuma ko da yake malamai sun yi saɓani a kan ko wajibi ne ko mustahabbi, wato abin so da ba dole ba, yin sa ya fi kwantar da hankali. Ka ƙudurta a zuciyarka cewa wankan tsarki za ka yi, ka wanke hannuwanka da al'aurarka, ka yi alwala, ka zuba ruwa a kanka sau uku kana cusa yatsu har ruwan ya kai tushen gashi, sannan ka game jikinka duka da ruwa, dama kafin hagu, kana cuɗawa, ba tare da ka manta da hamata da cibiya da tsakanin yatsun ƙafa ba. Irin wannan wankan ne zai riƙa wajaba a kanka bayan saduwa da iyali ko fitar maniyyi, shi ne kuma mace za ta yi idan jinin haila ko na biƙi ya ɗauke.

Alwala kuwa ita ce za ka riƙa maimaitawa kullum, kuma asalinta yana cikin aya ta 6 ta Suratul Ma'ida, inda aka ambaci wanke fuska, da wanke hannuwa zuwa gwiwar hannu, da shafar kai, da wanke ƙafafu zuwa idon sawu. Cikakkiyar siffarta ita ce ka yi niyya, ka ce bismillah, ka wanke tafukanka, ka kurkure baki, ka shaƙa ruwa ka fyace, ka wanke fuska daga matsirar gashin goshi zuwa ƙarƙashin haɓa, daga kunne zuwa kunne, sannan ka wanke hannun dama har da gwiwar hannu, ka yi wa na hagu haka. Daga nan ka jiƙa hannuwanka ka shafi kanka sau ɗaya, daga goshi zuwa ƙeya ka dawo, ka shafi kunnuwa ciki da waje, ka ƙare da wanke ƙafafu. Wanki ɗaya da ya game gaɓa ya isar, na biyu da na uku ƙarin lada ne, wuce uku kuwa ɓarnar ruwa ce.

Wurin da ya fi kuɓuce wa masu koyo shi ne diddige da bayan gwiwar hannu. Annabi ya taɓa ganin wasu sahabbai sun yi alwala cikin gaggawa, dugadugansu ba su sami ruwa ba, sai ya ɗaga murya ya gargaɗe su da azabar wuta a kan haka, saboda haka ka sa hannu ka bi diddigenka da ruwa, ka tsettsefe yatsun ƙafarka. Duk abin da zai hana ruwa taɓa fata ko farce, kamar fenti ko jan farce, sai an cire shi tukuna. Alwala tana warwarewa da fitsari, da bayan gida, da fitar iska, da maziyyi (ɗan ruwan da ke fita lokacin sha'awa), da barci mai nauyi, da gushewar hankali, kuma akwai wasu abubuwa da mazhabobi suka saɓa a kansu, waɗanda za ka koya sannu a hankali wurin malaminka. Matuƙar ba ta warware ba, alwala ɗaya tana iya kai ka salloli biyu ko uku. Idan babu ruwa, ko kana da ciwon da ruwa zai tsananta, sai ka yi taimama: ka yi niyya, ka bugi ƙasa mai tsarki da tafukanka, ka shafi fuskarka da hannuwanka.

Lokaci, sutura da alƙibla

A aya ta 103 ta Suratun Nisa'i Allah Ya bayyana cewa sallah farilla ce mai ƙayyadaddun lokuta a kan muminai, kuma Mala'ika Jibrilu da kansa ya yi wa Annabi limanci kwana biyu a jere domin ya nuna masa farkon lokutan da ƙarshensu. Asuba raka'a 2 ce, lokacinta daga ketowar alfijir zuwa fitowar rana. Azahar raka'a 4 ce, tana shiga idan rana ta karkata daga tsakiyar sama. La'asar ma 4 ce, kuma a wurin mafi yawan malamai tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da 'yar inuwar da ta rage masa da tsakar rana. Magariba 3 ce, da zarar rana ta faɗi, sai Isha'i 4, bayan jan nan na yamma da ake kira shafaƙi ya ɓace. Jimilla raka'a 17 ke nan a yini da dare. Ba lallai ne ka riƙa auna inuwa ba, domin kiran sallah ko jadawalin masallaci ko manhajar waya sun wadatar, sai dai ka tuna cewa lokutan suna motsawa da yanayin shekara, suna kuma bambanta daga gari zuwa gari.

Jikinka da tufafinka da wurin da za ka tsaya su kasance babu najasa, kamar fitsari ko bayan gida. Namiji ya rufe aƙalla daga cibiya zuwa gwiwa, ya kuma kyautu ya rufe kafaɗunsa. Mace ta rufe jikinta duka ban da fuska da tafukan hannu, da tufafin da ba ya nuna abin da ke ƙarƙashinsa. Ba a shar'anta wani irin ɗinki na musamman ba, kuma darduma ba sharaɗi ba ce, domin Annabi ya ce an sanya masa ƙasa ta zama masallaci kuma abin tsarki. Daga nan ka fuskanci Ka'aba da ke Makka. Musulmi sun yi wata 16 ko 17 bayan hijira suna fuskantar Baitul Maƙdis kafin aya ta 144 ta Suratul Baƙara ta juyar da su zuwa Masallaci Mai Alfarma. Ka tambayi wanda ya sani, ko ka duba yadda masallatan wurin suke fuskanta, ko ka yi amfani da manhajar alƙibla; idan duk wannan ya gagara, ka yi iya ƙoƙarinka ka fuskanci inda zuciyarka ta fi rinjaya, ka yi sallarka.

Yadda ake yin sallar kanta

Hadisin da ya fi amfani ga mai koyo shi ne wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, game da wani mutum da ya shiga masallaci ya yi sallah, ya zo ya yi wa Annabi sallama, Annabi ya ce masa ya koma ya sake, domin bai yi sallah ba. Sau uku ana haka, har mutumin ya rantse cewa bai iya wadda ta fi wannan ba, ya roƙi a koya masa. Abin da Annabi ya yi ta maimaita masa a wurin ruku'u da sujada da zama shi ne ya natsu. Wannan ya nuna cewa natsuwar gaɓoɓi rukuni ce, wato ginshiƙin da sallah ba ta inganta sai da shi, kuma ita ce abin da kake iya yi tun daga ranar farko ba tare da ka haddace komai ba. Ma'anar natsuwa ita ce duk inda ka kai, ka tsaya har kowace gaɓa ta zauna a wurinta kafin ka wuce.

Bari mu bi sallar Asuba daki-daki. Ka tsaya a miƙe, ka sa a zuciyarka cewa farillar Asuba za ka yi, ba sai ka furta niyyar da baki ba. Ka ɗaga hannuwanka daidai kafaɗu ko kunnuwa, ka ce "Allahu akbar". Wannan ita ce kabbarar harama, kuma daga ita magana da ci da sha sun haramta har sai ka sallame. Ka karanta Fatiha, ka ce amin, ka ƙara da wata sura idan ka iya. Sai ka yi kabbara ka sunkuya, tafukanka a kan gwiwoyinka, bayanka a shimfiɗe, kanka daidai da bayan, ka ce "Subhana Rabbiyal azim" sau uku. Ka ɗago kana cewa "Sami'allahu liman hamidah", idan ka miƙe sosai ka ce "Rabbana wa lakal hamd". A nan ne mutane da yawa suke gaggawa, suna ɗan ɗagowa su zarce ƙasa. Kai ka tsaya sai bayanka ya miƙe tsaf.

Sai ka yi kabbara ka tafi sujada a kan gaɓoɓi bakwai: goshi tare da hanci, tafuka biyu, gwiwoyi biyu, da yatsun ƙafafu biyu. Kada ka shimfiɗa damatsanka a ƙasa, kada kuma ka ɗage ƙafafunka sama. Ka ce "Subhana Rabbiyal a'ala" sau uku, ka kuma roƙi Allah abin da kake buƙata, domin Annabi ya ce bawa ya fi kusa da Ubangijinsa a lokacin da yake cikin sujada. Ka yi kabbara ka ɗago ka zauna har ka natsu, kana cewa "Rabbigfir li", wato Ubangijina Ka gafarta mini, sannan ka sake kabbara ka yi sujada ta biyu kamar ta farko. Ka gama raka'a ɗaya ke nan. Ka miƙe da kabbara ka kawo ta biyu kamar yadda ka yi ta farko, amma bayan sujadarta ta biyu sai ka zauna, hannuwanka a kan cinyoyinka, kana nuni da manuniyar hannun dama, ka karanta tahiya.

Lafazin tahiya da aka ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud shi ne: "Attahiyyatu lillahi wassalawatu waɗɗayyibat. Assalamu alaika ayyuhan Nabiyyu wa rahmatullahi wa barakatuh. Assalamu alaina wa ala ibadillahis salihin. Ashhadu an la ilaha illallah, wa ashhadu anna Muhammadan abduhu wa rasuluh." Za ka lura cewa ƙarshenta ita ce kalmar da ka shiga Musulunci da ita, don haka wani yanki nata yana bakinka tuni. Akwai wani lafazin da aka ruwaito daga Umar ɗan Haɗɗabi, wanda ya ɗan bambanta a farkonsa, kuma duk wanda aka koya maka ya inganta. Bayan tahiya ka yi wa Annabi salati, ka yi addu'a, ka juya fuskarka dama ka ce "Assalamu alaikum wa rahmatullah", ka juya hagu ka faɗi haka.

A sallah mai raka'a 3 ko 4, idan ka karanta tahiya bayan raka'a ta biyu ba za ka sallame ba, sai ka miƙe ka kawo abin da ya rage da Fatiha kaɗai, ka sake zaman tahiya a ƙarshe. Ana bayyana karatu a Asuba da raka'o'i biyun farko na Magariba da Isha'i, ana asirta shi a Azahar da La'asar da sauran raka'o'i. Asirtawa kuwa tana nufin ka motsa harshenka da leɓɓanka, karatun zuci kawai bai isar ba.

Fatiha, da abin da za ka faɗa kafin ka iya ta

Fatiha ce babban aikin da ke gabanka, domin Annabi ya ce babu sallah ga wanda bai karanta ta ba, kuma ayoyinta 7 ne kacal. Amma wannan hukunci na wanda ya iya ne, ko wanda ya sami damar koyo ya ƙi. Wani mutum ya zo wurin Annabi ya ce ba ya iya riƙe komai na Alƙur'ani, ya roƙi a koya masa abin da zai isar masa, sai Annabi ya ce ya riƙa cewa: "Subhanallah, walhamdu lillah, wa la ilaha illallah, wallahu akbar, wa la haula wa la ƙuwwata illa billah." Wannan shi ne abin da za ka faɗa a tsaye a maimakon Fatiha har sai ka haddace ta. Idan shi ma ya yi maka tsawo a ranar farko, ka riƙe "Subhanallah" da "Alhamdu lillah" da "Allahu akbar", ka maimaita su a tsaye da ruku'u da sujada da zama. Idan aya ɗaya ko biyu ka iya daga Fatiha, ka karanta su, ka cika da wannan zikiri.

Na taɓa zama da wani dattijo da ya musulunta bayan ya haura shekara hamsin, wanda ya rubuta Fatiha da haruffan boko a wata 'yar takarda, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba. Kafin kowace sallah sai ya ciro ta ya duba aya ɗaya, ya maimaita ta a gabana har sai na gyaɗa kai, sannan ya mayar ya tayar da kabbara. Kalmar "nasta'in" ce ta fi ba shi wahala, saboda harafin ainun yana fitowa ne daga tsakiyar maƙogwaro, wurin da harshensa bai saba da shi ba, har yakan dafa wuyansa da yatsu biyu domin ya ji inda sautin yake tasowa. Kafin ya gama surar takardar ta yage a kan ninkin, amma bai bar sallah ko ɗaya ba a tsawon waɗannan makonni. Na kawo labarinsa ne saboda hanyar da ya bi ita ce nake ganin ta fi: aya ɗaya a rana ko a kwana biyu, daga bakin wanda ya iya, tare da sauraron makaranci mai karatu a hankali. Rubutun boko taimako ne na wucin gadi, domin akwai haruffan Larabci da ba ya iya ɗauka, kuma wanda ya dogara da shi kaɗai yakan haddace kuskuren da zai yi wuyar gyarawa. Kada in-ina ta karya maka gwiwa, domin A'isha ta ruwaito cewa wanda yake karanta Alƙur'ani yana tuntuɓe, yana shan wahala a kansa, lada biyu gare shi.

Ka koyi ma'anar tare da lafazin. A Fatiha kana gode wa Allah Ubangijin talikai, Mai rahama Mai jinƙai, Mamallakin ranar sakamako. Kana shaida cewa Shi kaɗai kake bauta wa, Shi kaɗai kake neman taimakonSa. Sannan kana roƙon Ya shiryar da kai hanya madaidaiciya, hanyar waɗanda Ya yi wa ni'ima, ba ta waɗanda aka yi fushi da su ba, ba kuma ta ɓatattu ba. A wani hadisi da Muslim ya ruwaito, Allah Ya ce Ya raba wannan sura biyu tsakaninSa da bawanSa, kuma duk ayar da bawa ya karanta Yana amsa masa. Wanda ya san haka ba zai iya kwarara ta da numfashi ɗaya ba. Bayan Fatiha ka kama tahiya, sannan gajerun surori irin su Ihlas mai aya 4, da Kausar da Asri masu aya uku-uku, sannan salatin Annabi.

Idan ka yi kuskure

Za ka yi kuskure, kamar yadda waɗanda suka riga ka suka yi. Mu'awiya ɗan Hakam, yana sabon shiga Musulunci, ya bi Annabi sallah, wani ya yi atishawa sai ya ce masa "yarhamukallah". Mutane suka zuba masa ido, ya sake magana yana tambayar me ya sa suke kallonsa, suka shiga bugun cinyoyinsu domin ya yi shiru. Da aka idar, ya ce bai taɓa ganin malami mai kyan koyarwa kamar Annabi ba, bai daka masa tsawa ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba, kawai ya sanar da shi cewa maganar mutane ba ta dacewa a cikin sallah. Ba a kuma ruwaito cewa ya umarce shi da ya sake ta ba. Ina fata masu koyar da sababbin Musulmi su riƙa tuna wannan hadisi, domin tsawa ɗaya a cikin masallaci tana iya korar mutum wata da watanni.

Idan ka yi shakka ko raka'a uku ka yi ko huɗu, ka ɗauki mafi ƙaranci, ka cika, ka yi sujada biyu ta rafkanuwa. Idan ka manta zaman tahiya na farko har ka miƙe tsaye, kada ka koma, ka ci gaba, ka yi sujada biyu kafin sallama. Idan kuwa rukuni ka bari, kamar ruku'u ko sujada, to sai ka kawo shi, sujadar rafkanuwa kaɗai ba ta maye gurbinsa. Bayanin wadda ake yi kafin sallama da wadda ake yi bayanta, wato ƙabli da ba'adi, babi ne mai faɗi da ya kamata ka zauna da malami a kansa bayan ka saba da sallar. Ka kuma kiyayi waswasi, wanda yakan sa mutum ya sake alwala sau biyar ko ya yi ta maimaita kabbarar harama. An kai wa Annabi ƙarar mutumin da yake jin kamar wani abu ya fita daga gare shi a cikin sallah, sai ya ce kada ya fita sai ya ji sauti ko wari.

Jam'i da bambancin da za ka gani

Babu makarantar da ta kai sahu. Maliku ɗan Huwairis da abokansa sun zauna wurin Annabi kwana 20, da za su koma gida ya ce musu su yi sallah kamar yadda suka ga yana yi, wato da ido aka fara koyonta. Sallar jam'i ta fi ta mutum ɗaya da daraja 27, kuma ga mai koyo tana da wata fa'ida, domin liman yana ɗauke masa nauyi mai yawa, kunnensa kuma yana jin Fatiha a bayyane sau shida kowace rana. Ka bi liman, kada ka riga shi, kada kuma ka yi jinkiri sosai a bayansa. Idan ku biyu ne kawai, ka tsaya a damansa. Idan ka zo ka tarar an fara, ka yi kabbarar harama a tsaye ka shiga a duk halin da suke; in ka sami ruku'u tare da liman ka sami raka'ar, abin da ya wuce ka kuma ka kawo shi bayan ya sallame. Ranar Juma'a maza suna halartar huɗuba da raka'a 2 a maimakon Azahar. Mace tana da damar zuwa masallaci, sallarta a gida kuma cikakkiya ce, kuma zai yi kyau ta sami wata 'yar'uwa da za ta riƙa yi a gefenta a kwanakin farko.

A cikin sahu za ka ga wani ya ɗora hannunsa na dama a kan na hagu, wani ya sake su. Wani yana ɗaga hannu a wurin ruku'u, wani ba ya yi. Wani liman yana bayyana bismillah, wani yana asirta ta ko ya bar ta. Wani sallama ɗaya yake yi, wani biyu. Waɗannan sun samo asali ne daga fahimtar malaman mazhabobi huɗu, Abu Hanifa da Malik da Shafi'i da Ahmad ɗan Hambali, kuma a wurin mafi yawan malamai babu ɗaya daga cikinsu da ke ɓata sallah. Ka riƙi malami ɗaya amintacce ka koya a hannunsa, ka bar muhawara sai ƙafarka ta kafu. Duk wanda ya tare ka a makonka na farko da cewa sallarka ba ta yi ba saboda inda ka ajiye hannunka, bai yi maka adalci ba.

Uzuri da matsi

Wanda ba ya iya tsayuwa ya yi a zaune, wanda ba ya iya zama ya yi a kwance a kan gefensa, kamar yadda Annabi ya gaya wa Imrana ɗan Husaini lokacin da yake fama da ciwo. Matafiyi yana mayar da mai raka'a 4 zuwa 2. Mace ba ta sallah a kwanakin haila da biƙi, ba kuma za ta rama ba. Wanda barci ya ɗauke ko ya manta, ya yi sallar da zarar ya farka ko ya tuna, ba sai ya jira irin lokacinta na gobe ba; Asuba ce ta fi yin wannan halin, don haka ka kwanta da wuri, ka sa agogo, ko ka roƙi wani ya riƙa tashinka.

Akwai kuma wanda danginsa ba su san ya musulunta ba, ko sun sani suna tsananta masa. Sahabban farko a Makka sukan fita zuwa kwazazzabai su yi sallah a ɓoye saboda irin wannan hali. Idan kana cikinsa, ka yi alwala a banɗaki kamar mai wanke fuska, ka shiga ɗakinka ka rufe ƙofa, ka asirta karatunka ko da a sallar bayyane ce, domin bayyanawa ba ta cikin abubuwan da sallah ke ɓaci da barinsu. Lokutan suna da faɗi, kuma raka'a huɗu da natsuwarta ba ta wuce 'yan mintoci, don haka ka duba wane sashe na lokacin ne gida ko wurin aiki ya fi yin shiru, ka ajiye sallarka a nan. Idan matsin ya kai ga kana tsoron cutarwa a jikinka, ka gaggauta sanar da malamin da ka amince da shi halin da kake ciki dalla-dalla, domin akwai rangwamen haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha'i, a wasu halaye na larura, kuma shi ne zai duba ko naka yana cikinsu.